Riga ta shiga a ƙirji amma kafaɗa tana zamewa: a ina zan gyara fatan ɗin?

Maman_Iman_Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. Shekara biyu ke nan ina ɗinki a gida, nawa da na yarana kawai, kuma a bara ƙanwata da ke karatu a Ingila ta aiko mini da fatan guda uku na kamfanin Simplicity, wato zanen sassan riga a takarda da ake ɗorawa a kan yadi a yanka. Na ɗauki na wata doguwar riga mai yanka a ƙugu da siket mai tattara, na duba jadawalin awo da ke bayan ambulan, na ga lamba 18 ce tawa, domin awon ƙirjina inci 40 ne. A kan haka na yanka atamfata ta Sallah. Da na gama na sa, sai na tarar ƙirjin ya shiga, amma ɗinkin kafaɗa ya sauko kan damtse, wuyan ya buɗe ta gaba har sai na riƙe shi da fil, wani ninki ya taso a gaban hammata, sannan yankan ƙugu ya haye sama ta gaba. Na rage gefe da rabin inci, sai numfashi ya nemi ya gagare ni, kafaɗar kuwa tana nan yadda take. Laifin fatan ɗin ne ko na awona, kuma a ina ake fara gyara? Sauran biyun suna nan ban buɗe ba, domin ba na son in sake asarar turmi.

Anti_Larai_Bukuru:
Wa alaikumus salam, Maman Iman. Kafin kowa ya ce komai, ki sake ɗauko tef. Ki zagaya shi ta ƙarƙashin hammata, ya bi ta saman ƙirji inda tudu bai fara ba, ya haɗe ta baya a miƙe, sannan ki faɗa mana abin da kika samu. Ki haɗa mana da awon ƙugu.

Maman_Iman_Rikkos:
Anti, na auna sau biyu, 'yata ta riƙe mini ta baya. Saman ƙirji inci 36, ƙugu 32.

Anti_Larai_Bukuru:
To, ga inda matsalar take. Manyan kamfanonin fatan na Amurka, wato Simplicity da McCall's da Butterick da Vogue, suna zana yawancin rigunansu ne a kan macen da bambancin saman ƙirjinta da cikakken ƙirjinta inci 2 ne kacal. Ke naki bambancin inci 4 ne. Da kika zaɓi lamba 18 saboda 40 ɗin nan, kin ɗauko kafaɗa da wuya da bayan wata mace wadda ƙashinta ya fi naki faɗi, wadda saman ƙirjinta 38 ne, shi ya sa duk abin da ke sama ya yi miki yawa. Ƙugun da ya haye ta gaba kuwa, dalilinsa shi ne yadi yana buƙatar tsawo, ba faɗi kaɗai ba, kafin ya hau tudu ya sauko. Da bai samu ba sai ya jawo daga ƙasa. Ninkin gaban hammatar ma dat ne, wato ninki mai tsini da ake ɗinkewa don yadi ya bi siffar jiki, wanda jikinki yake nema amma fatan ɗin bai ba shi ba. Rage gefe ba zai magance komai ba, domin kin rage a inda babu rara, kin bar inda rarar take. Ki koma lamba 16, wadda aka zana wa saman ƙirji 36 da ƙirji 38, sai ki ƙara inci 2 ɗin da ya rage a gaba kaɗai. Kafaɗa da wuya su ne masu wuyar gyara, saboda haka su ake fara nema daidai. Ƙirji da ƙugu kuwa da almakashi da salatif ake ƙara su.

Malam_Tela_Dilimi:
Hajiya, Allah ya ba da sa'a. Ni shekarata talatin da ɗoriya a kan keke, tun ina yaron shago a babbar kasuwar Terminus ta Jos kafin gobarar 2002, kuma ban taɓa ɗora takarda a kan yadi ba. Takardar nan an zana ta ne don jikin da mai zanen bai gani ba, alhali ke ga jikinki, ga tef a hannunki. Ki ninka yadi, ki raba awon ƙirji gida huɗu, ki ƙara rarar ɗinki, wato ɗan yadin da ake bari a bayan layin ɗinki, ki sa awon kafaɗarki na gaskiya daga ƙashi zuwa ƙashi, ki zana da alli. Ba na raina ilimin kowa, amma a ganina wannan hanyar ta fi kusa.

Ummu_Hanifa_Abuja:
Malam, da girmamawa, raba ƙirji gida huɗun nan shi ne ya ɓata mini riguna da dama a hannun teloli daban-daban. Lissafin yana ɗauka cewa gaban mace da bayanta faɗinsu ɗaya, kuma ba haka ba ne. Idan aka raba 40 ɗin Maman Iman, baya zai tashi da 20, gaba ma 20. Amma idan ta auna daga gefe zuwa gefe, ina kyautata zaton bayan ba zai wuce 19 ba, sauran duk yana gaba. Abin da ke biyo baya shi ne baya ya yi buhu, gaba ya ɗame, ɗinkin gefe ya karkato gaba maimakon ya sauka a miƙe daga hammata.

Malam_Tela_Dilimi:
Gaskiyarki, Hajiya, kuma na gode da gyara. Akwai abin da ban rubuta ba saboda hannu ya saba har ba na lissafa shi. Idan mace mai cikar ƙirji ce, ina ɗauke rabin inci ko fiye daga baya in mayar gaba, kuma ina sauke gaban ya fi bayan tsawo da inci ɗaya da rabi zuwa biyu, dat ɗin gefe ya cinye bambancin. Yaran da suke barin shagon ubangida bayan wata shida su ne suke tsayawa a raba huɗu. Sai dai har yanzu ina kan bakana cewa ido da hannu ne suke gyara, ko da takarda ko babu.

Zainab_MaiAlli:
Tunda Anti Larai ta faɗi dalili, bari in faɗi yadda ake yi, kamar yadda nake koya wa ɗalibaina. Kada ki yanka ainihin fatan ɗin. Ki kwafe gaban lamba 16 a kan farar takarda mai shara-shara. Ki sa alama a tudun ƙirji, wato wurin da tsinin dat yake nunawa. Ki ja layi na farko daga ƙugu a miƙe zuwa alamar, daga nan ya karkata zuwa yankan hammata, wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa. Layi na biyu ya taso daga gefe, ya ratsa tsakiyar dat, ya tsaya a alamar. Ki yanka na farko har zuwa layin ɗinkin hammata, ki bar ɗan maƙali kada takardar ta rabu. Ki yanka na biyu daga gefe, shi ma ki bar maƙali a wurin alamar. Yanzu ki ja ɓangaren gefe waje har tsagar da ke tsakanin alamar da ƙugu ta buɗe inci 1, faɗinta ɗaya daga sama har ƙasa. Inci 1 nake cewa ba 2 ba, saboda takardar rabin gaba ce, yadi kuma a ninke ake yanka shi. Za ki ga dat ya buɗe baki da kansa, ɓangaren gefe kuma ya sauko ya fi na tsakiya tsawo. Sai ki yanka na tsakiyan a kwance, ki sauke shi su daidaita a ƙugu. Wannan tsawon shi ne rigarki ta rasa har ta haye. Ki cike tsagogin da takarda ki manne.

Akwai inda kika yi sa'a. Lamba 16 ƙugunta 30 ne, ke kuma 32, saboda haka faɗin da ya ƙaru a ƙugu kada ki mayar da shi cikin dat kamar yadda wasu ke yi, ki bar shi, kina bukatarsa. Tunda siket ɗin mai tattara ne, zai bi duk faɗin da kika ba shi. Malam zai lura cewa abin da ya ce hannunsa yana yi shi ne wannan ɗin, ƙarin faɗi da tsawo a gaba kaɗai.

Hajiya_Gangare:
Ni ban yarda da lamba 16 ba. Na daɗe ina amfani da fatan ɗin waɗannan kamfanoni, tun muna zaune a Kaduna, kuma abin da na gani shi ne suna barin sarari mai yawa a kan awon da suka rubuta. Ni awon saman ƙirjin nake ɗauka in nema a layin ƙirji, wato lamba 14 zan ba ki, sannan a buɗe gaban da abin da ya ɗara inci 1. A jikin takardar gaba sukan buga awon rigar bayan an gama ɗinki. Ki duba ki ga nawa suka bari. Inci 2 zuwa 3 a ƙirji ya ishi riga mai kama jiki.

Anti_Larai_Bukuru:
Hajiya, hanyarki sananniya ce, kuma tana yi wa masu ƙaramar kafaɗa kyau. Abin da ya sa na tsaya a 16 shi ne atamfa ba ta miƙewa ko kaɗan, kuma mu a Jos daga Disamba zuwa Janairu sai an sa wata riga a ciki saboda sanyi. Abin da zai raba mana gardama shi ne Maman Iman ta miƙa hannuwa gaba kamar za ta ɗauki tire, a auna mata faɗin baya daga inda hannun dama ya haɗu da jiki zuwa na hagu, ta gwada da lambobin biyu a takarda.

Kaka_Asabe:
'Ya'yana, lissafinku mai kyau ne, amma kada wadda ta sake sa almakashi a atamfa kafin ta gwada a akoko. Yadi biyu ya isa. A ɗinka saman rigar kawai da manyan ɗinki, babu shafi, babu gam ɗin ƙarfafa yadi, amma a sa zif, domin rigar da aka riƙe da hannu ta baya ba ta faɗin gaskiya. Idan babu akoko, tsohon zanen gado daga gwanjon kasuwar Katako ta Jos zai yi, muddin ba mai miƙewa ba ne. Kuma a wanke atamfar a goge ta kafin yanka. Auduga ce, idan ta sha ruwan farko takan ja da baya kaɗan.

Rifkatu_TudunWada:
Sannunku da ƙoƙari. Ni nake ɗinka wa zumuntar matan ikilisiyarmu anko, wani lokaci riga arba'in a wata guda, kuma abin da ya fi ba ni wahala ba ƙirji ba ne, tsawon baya ne. Fatan ɗin nan an zana shi ne don mace mai tsawon ƙafa 5 da inci 5 zuwa 6, kuma tsawon bayan lamba 16 inci 16 da kwata uku ne. Mata da yawa da nake aunawa ba su kai haka ba. 'Yar'uwa, ki ɗaura siririyar roba a cikinki, ki lanƙwasa dama da hagu, inda ta zauna nan ne ƙugunki, ba inda kike ɗaura zani ba. Sai ki sunkuyar da kai, a auna daga ƙashin da ke fitowa a gindin wuya zuwa robar. Idan akwai bambanci, akwai layi biyu a kwance a jikin takardar, a nan ake ninkewa ko a ƙara. Wannan gyaran a fara yin sa kafin na Malama Zainab, in ba haka ba sai an sake lissafi.

Ummu_Hanifa_Abuja:
Malam, in koma kan maganar ido. Da yawa daga cikinmu ba ma zuwa a auna mu idan telan namiji ne, rigar awo muke ba yaro ya kai. To ta yaya ido zai ga abin da ba a kawo masa ba?

Malam_Tela_Dilimi:
Wannan ita ce babbar matsalar shagonmu, Hajiya, kuma ba na ganin laifin kowace mace, domin kunya da addini sun fi riga. Rigar awo tana kawo mini faɗi da tsawo, amma ba ta gaya mini ko kafaɗar mai ita a miƙe take ko a gangare, kuma duk kuskuren telan farko da shi zan kwafa. Shi ya sa na ɗauki ɗaliba mace, ita take aunawa a bayan labule, ita take duba gwaji. A nan kam mai ɗinki a gida ta fi mu, tana iya sawa ta cire sau biyar a gaban madubi babu mai ganin ta.

Sadiya_FarinGada:
Gargaɗi ga masu sauko da fatan daga intanet. Na kai nawa wani shagon buga takardu, yaron ya bar kwamfutar ta rage zanen don ya shiga shafi, saboda an tsara shi a kan takardar Amurka mai inci 8 da rabi a 11, mu kuma A4 muke da ita. Na ɗinka riga ta ƙi shiga, na yi ta zargin awona. A shafin farko akwai ɗan murabba'in gwaji. Ku sa a buga wannan shafin shi kaɗai a kan girma 100 bisa 100, ku ɗora rula a kai kafin a buga sauran.

Hajiya_Gangare:
Haka ne, ɗiyata. Wani tarkon kuma shi ne rarar ɗinki. Simplicity da 'yan'uwansa suna haɗa ta a cikin takardar, santimita 1.5, wato ta ɗara rabin inci kaɗan. Amma zanen da ke cikin mujallar Burda ta Jamus babu rara a jikinsa, sai mai yanka ta ƙara da kanta. Wadda ta saba ɗinki a kan rabin inci, idan ta yi haka da Simplicity, ɗinkin gefe biyu kaɗai za su ƙara wa rigar rabin inci a zagaye.

Halima_BauchiRoad:
Don Allah in tsoma baki da tawa tambayar, tunda duk a saman riga ne. Idan na ɗaga hannu zan yi kabbara, rigar gaba ɗaya take tashi. Na mayar wa tela, ya ƙara zurfin hammata, sai abin ya ƙaru.

Zainab_MaiAlli:
Halima, dole ya ƙaru. Hammata mai zurfi tana ɗaure damtse da jikin riga, duk inda hannu ya je sai ya ja gefen rigar ya tafi da shi. Wadda aka yanka a sama, kamar inci 1 ƙasa da ainihin hammata, ita ke barin hannu ya yi motsinsa riga tana zaune. Taki da aka riga aka yanka, ki farke inda ɗinkin hannu ya haɗu da na gefe, ki sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da aka yanka a karkace, irin wanda ake sa wa tsofaffin taguwoyi a hammata. A gwajin akoko kuwa kowa ta ɗaga hannu, ta yi ruku'u, ta zauna, kada ta tsaya ƙyam kawai.

Maman_Iman_Rikkos:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na gwada faɗin baya yadda Anti ta ce, lamba 14 ta matse, saboda haka na bi 16, na buɗe inci 1. A akoko kafaɗar ta zauna a kan ƙashi, wuyan ya kwanta, ƙugun gaba ya sauko daidai da robar. Amma abu biyu sun fito. Tsinin dat ɗin ya tsaya sama da tudun ƙirji, ya yi ɗan ƙulli, sannan a baya, sama da ƙugu kaɗan, yadi ya taru a kwance. Anti Rifkatu, tsawon bayana 16 da rabi ne.

Zainab_MaiAlli:
Na dat ɗin mai sauƙi ne. Ki sa rigar maman da za ki sa da wannan rigar, domin kowace da inda take ajiye ƙirji, sai ki sa alama da fensir a kan akokon a ainihin tudun. Ki auna tazarar da ke tsakaninta da alamar takarda, ki zana akwati ya kewaye dat ɗin, ki yanke shi, ki sauke shi da wannan tazarar ba tare da kin karkata shi ba, ki daidaita layin gefe. Kuma kada tsinin ya kai kan tudun. A awonki ya tsaya inci 1 da rabi kafin ya isa. Ƙullin kuwa yakan zo ne daga mayar da ɗinki baya a tsini. Ki fita daga yadin a hankali, ki ƙulla zaren da hannu, ki goge dat ɗin yana kallon ƙasa a kan dunƙulallen tawul.

Rifkatu_TudunWada:
Kwata ɗaya ce kawai tsakanin awonki da na takarda, amma ni zan ninke ta a bayan, in ƙara da wata kwatar. A matan da nake ɗinka wa, baya mai ɗan gajarta ya fi kyau a kan wanda ya taru.

Anti_Larai_Bukuru:
Rifkatu, kwata ɗaya ba za ta tara yadi har a gan shi ba, kuma idan ta rage bayan gaba ɗaya, gefen baya zai gaza na gaba. Maman Iman, ki tsinke rarar da yatsu a tsakiyar baya ki sa fil. Idan ninkin yana da kauri a tsakiya, yana sirancewa har ya ɓace kafin gefe, to lanƙwasar bayanki ce, sai ki cire shi haka a takarda, ki sake miƙe layin zif. Idan kaurinsa ɗaya har gefe, to maganar Rifkatu ce, kuma sai an rage gaba ma.

Malam_Tela_Dilimi:
Hajiya, kafin ki yanke ko ɗaya, ki maƙala siket ɗin tsohuwar rigar a jikin akokon da fil. Nauyin tattarar atamfa yana jan ƙugu ƙasa, kuma na sha ganin irin wannan ninkin ya tafi da kansa bayan an haɗa. Idan kika cire yanzu, ƙugun baya yana iya hayewa daga baya.

Kaka_Asabe:
Ita kuma atamfar Sallar kada ki jefar. Idan guntun da ya rage ya kai yadi ɗaya, ki sake yanka gaban da sabuwar takarda, ki rage bayan da hannuwan zuwa 16, siket ɗin ki bar shi. Ki dai lura da inda manyan furannin za su faɗa, kada su zauna a kan tudun ƙirji.

Maman_Iman_Rikkos:
Kaka, saura yadi ɗaya da kwata. Anti Larai, na sa fil ɗin: a tsakiya ninkin ya kai kwata uku na inci, amma bai ɓace gaba ɗaya a gefen dama ba, a hagu ya ɓace. Yau da dare zan farke siket ɗin in maƙala yadda Malam ya ce in sake dubawa. Idan har daman bai tafi ba, shin kafaɗata ɗaya ce ta fi ɗaya sauka, kuma sai na yi wa kowane ɓangare takardarsa daban?